Dako a Cikin Jijiya: Yadda Nisa Ke Tsara Ciwo

Mahaukacin kare ya ciji yara biyu a rana ɗaya, ɗaya a kumatu, ɗaya a dunduniya. In ba a yi musu allura ba, galibi na kumatun ne ciwon zai fara kamawa, wani lokaci cikin 'yan makonni. Na dunduniyar kuwa yana iya yin wata biyu ko uku yana wasansa, har iyaye su manta da zancen. Ga kuma dattijon da ya daɗe da ciwon suga. Ranar da jijiyoyinsa suka fara gazawa, ba a kafaɗa zai ji ba, ba a cinya ba, a yatsun ƙafa ne: zugi da raɗaɗi cikin dare, daga baya wurin ya mutu, silifas ya saɓule masa a hanya bai sani ba. A ido waɗannan cututtuka biyu ba su haɗa komai ba, amma abu ɗaya ne ke tsara yadda suke bayyana, wato tsawon jijiya da kai-komon kayan da ake yi a cikinta.

Jijiyar da ake magana a nan ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran jiki, ba ta jini ba. Kowace ƙwayar jijiya tana da gangar jiki, inda kundin gado yake, kuma inda ake ƙera mafi yawan furotin ɗin da take buƙata. Daga gangar nan sai ta miƙa wani siririn zare guda ɗaya, wanda masana ke kira akson, zuwa inda saƙonta zai sauka. Ƙwayar da ke motsa ƙananan tsokokin tafin ƙafarka gangarta tana cikin laka, can ƙasan gadon baya. Zarenta ya bi ta ɗuwawu, ya gangara cinya da sha-raɓa har tafin ƙafa, tsawon kusan mita guda a jikin dogon mutum. Ita kuwa gangar faɗinta bai wuce wajen kashi 1 cikin 20 na milimita ba. Da a ce gangar ɗaki ce mai faɗin mita 5, to ƙarshen zaren yana kilomita 100 daga ƙofarsa, kuma kusan duk abin da ake buƙata a can sai 'yan dako sun ɗauko shi a ka daga wannan ɗakin, su kuma dawo da wanda ya lalace. Ba a kuma sauya ƙwayar. Wadda aka haife ka da ita, ita za ta yi ta wannan hidima ko da ka kai shekara 90.

Shi saƙon jijiya na lantarki ne, yana iya gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Kaya kuwa daban ne. Da za a bar furotin ya yi ta watsuwa da kansa har ya kai ƙarshen zare mai tsawon mita ɗaya, sai ya ci ɗaruruwan shekaru. Dole akwai mai ɗaukarsa.

An daɗe kafin a ga mai ɗaukar da ido. A 1850 wani likita a Landan, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi, ya ga ɓangaren da aka raba da gangar ƙwayar ya ruguje cikin kwanaki, wanda ke haɗe da ita kuwa yana nan lafiya. Ke nan akwai abin da gangar ke aikawa wanda zaren ba ya rayuwa sai da shi. A 1948 Paul Weiss da Helen Hiscoe a Amurka suka matse jijiya a wuri ɗaya, sai ɓangaren da ke wajen gangar ya kumbura saboda kayan da suka taru suka rasa mafita. Da aka saki matsin, kumburin ya riƙa gangarawa kimanin milimita ɗaya a rana. Amsa ta ƙarshe daga teku ta fito. Akwai wata dabbar ruwa mai hannaye da yawa da ake kira sikwid, wadda ke da akson mai kaurin da ya kai rabin milimita ko fiye, har ana ganinsa ba tare da madubi ba. A cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke jihar Massachusetts, masu bincike suka riƙa matso abin da ke cikin wannan zare a kan gilashi, suka haɗa madubin ƙara girma da kyamarar bidiyo. Abin mamaki, duk da an raba shi da dabbar, ƙananan jakunkuna suka ci gaba da tafiya na tsawon sa'o'i, wasu gaba, wasu baya, a kan waɗansu siraran layuka. A 1985 Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka tace furotin ɗin da ke jan jakunkunan gaba, suka sa masa suna kainesin. Scott Brady ma ya gano shi a shekarar, shi kaɗai a nasa ɗakin binciken. A 1987 Richard Vallee da abokan aikinsa suka nuna na dawowa, wato dainin.

Layukan da ake bi wasu siraran bututu ne masu faɗin nanomita 25. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ba bututu ɗaya ba ne miƙaƙƙe daga laka zuwa ƙafa, guntaye ne jere suna haɗa kai da gindi, kuma duk sun fuskanci waje ɗaya. Wannan fuskantar ce ke gaya wa kowane ɗan dako inda zai nufa: kainesin ya nufi ƙarshen zare, dainin ya nufi gangar ƙwaya.

Tafiyar kainesin abin a tsaya a kalla ce. Yana da ƙafa biyu, da doguwar gaɓa, da kai inda kayan ke ɗaure. Yana dafe bututun da ƙafa ɗaya, ya ɗago ta baya ya wurgo ta gaba, ta dafe, sannan ɗayar ta saki. Ba ya sakin duka biyun lokaci guda. Kowane taku nanomita 8 ne, kowane taku kuma yana cin ƙwayar sinadarin ATP guda ɗaya, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi da shi. Yana yin taku wajen 100 a daƙiƙa. Mai karatu ya lissafa da kansa: mita ɗaya a raba da nanomita 8, taku miliyan 125 ke nan kafin jaka ɗaya ta isa tafin ƙafa. Kainesin guda ɗaya ba ya wuce taku ɗari ko makamancin haka kafin ya suɓuce daga bututun, shi ya sa ake ɗaura wa kaya ɗaya masu ɗauka da yawa, in wannan ya saki wancan na riƙe. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado wajen 45 na dangin kainesin, da yawansu kowane da irin kayansa. Ta fuskar dawowa kuwa, kusan dukan aikin a wuyan dainin iri ɗaya yake, kuma ba ya tafiya mai nisa sai da wani abokin aikinsa mai suna dainaktin da wasu ƙananan furotin masu haɗa shi da kaya.

Abin da ake kaiwa ya haɗa da jakunkunan da ƙarshen jijiya ke zuba saƙo da su, da kayan gyaran fatar zaren, da maitokondiriya masu samar da ATP ɗin kansa. Abin da ake dawowa da shi ya haɗa da tsofaffin sassa da za a narkar, sannan da labari. Fata da sauran gaɓoɓi suna fitar da wasu sinadarai da ƙarshen jijiya ke haɗiyewa, dainin ya kai su har gangar ƙwaya, ta nan take sanin cewa har yanzu tana haɗe da inda take yi wa aiki. Irinsu na farko da aka gano shi ya sa Rita Levi-Montalcini ta Italiya da Stanley Cohen suka sami kyautar Nobel a 1986.

Gudu iri biyu ne. Jakunkuna suna iya yin milimita 200 zuwa 400 a rana, su isa ƙafa cikin 'yan kwanaki. Kayan ginin zaren kuwa, wasu milimita ɗaya suke yi a rana ko ƙasa da haka, tafiyar da ke kusan shekara uku. An daɗe ana zaton masu ɗaukarsu daban ne, sai a 2000 Anthony Brown da abokan aikinsa suka nuna cewa su ma da gudu suke tafiya, tsayuwa ce ta yi musu yawa, mafi yawan lokacinsu a tsaye suke. Wannan jinkiri yana da ma'ana a asibiti. Jijiyar hannu ko ƙafa da ta yanke, in aka ɗinke ta, kimanin milimita ɗaya take tsirowa a rana, wajen inci ɗaya a wata. Yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a inda ya dace ba, ta taɓa babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta riƙa lanƙwashewa yana jan ta, in ma zai warke watanni ake magana. Iyayen da aka yi wa wannan bayani sun fi iya jurewa da gashin ƙafar a wajen likitan motsa gaɓoɓi, maimakon su yanke ƙauna tun a wata na biyu.

Hanyar dawowar nan ce wasu cututtuka suka koyi hawa. Ƙwayar cutar haukan kare ba jini take bi ba. Tana shiga ƙarshen jijiya a wurin cizo, ta shige cikin jaka, dainin ya ɗauke ta ya nufi laka, daga nan ta riƙa tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan har ƙwaƙwalwa. Muddin tana cikin zaren, garkuwar jiki ba ta cika ganinta ba. Shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi gaggawa, kuma shi ya sa yara suka fi shiga haɗari, domin bakin kare daidai fuskarsu yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da shaƙewar maƙogwaro da firgita, kusan babu mai tsira. Amma tsawon tafiyar nan ita ce damar da muke da ita. Tun 1885 da Louis Pasteur ya yi wa yaron nan Joseph Meister allura a Faransa, aka san cewa rigakafin wannan cuta yana aiki ko bayan cizo, in an yi shi kafin ƙwayar ta yi nisa. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar warkewar ciwon a waje a matsayin shaidar an tsira. Fata takan rufe sumul alhali ƙwayar tana can ciki ana tafiya da ita.

Dafin cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, shi ma wannan hanya yake bi. Daga rauni mai datti, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta, dafin ya shiga ƙarshen jijiya, a kai shi laka, ya tsallaka cikin ƙwayoyin da aikinsu shi ne su ce wa tsoka ta saki, ya hana su magana. Sai tsoka ta ƙame ta ƙi saki. Jijiyoyin muƙamuƙi gajeru ne, kuma wannan na cikin bayanin da ake bayarwa kan dalilin da ya sa baki ke fara kullewa: jaririn da ke shan nono lafiya sai a ga cikin mako na farko ko na biyu ya kasa kamawa. Maganin kashe dafin yana kama wanda ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shige jijiya ya fi ƙarfinsa. Darajar allurar da ake yi wa mata masu juna biyu ke nan. Ita kuwa ƙwayar ƙarambau zuwa da dawowa take yi. Tana hawa ta ɓuya a gindin jijiya kusa da laka shekara da shekaru, in garkuwar jiki ta yi rauni ta sauko ta wannan jijiyar, ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a layi ɗaya, a gefe ɗaya na jiki.

Waɗannan duk masu cin amfanin hanya mai lafiya ne. To in hanyar ce da kanta ta lalace fa? Hujja mafi ƙarfi daga cututtukan gado ta fito. Akwai iyalan da ƙafafunsu ke ƙagewa a hankali, suna tafiya suna jan yatsu a ƙasa, hannuwansu kuwa galibi lafiya lau. A 1999 aka gano cewa nau'in da aka fi samu na irin wannan ciwo na gado daga lahanin wani furotin yake mai suna sifastin, wanda aikinsa shi ne yanka bututun nan don a sabunta su. A 2002 aka sami wani iyalin da nasu laifin yana ƙafar wani kainesin da ake kira KIF5A. Zarurrukan da suka taso daga ƙwaƙwalwa suka gangara har ƙasan laka don sarrafa ƙafafu su ne mafiya tsawo a wannan sashe, su ne kuwa suka fara mutuwa daga ƙarshe. A 2018 aka gano cewa in ɓarnar ta faɗa ɗaya ƙarshen wannan KIF5A ɗin, wajen da yake riƙe kaya, cutar da ke fitowa daban ce kuma ta fi muni: ALS, mai shanye jiki gaba ɗaya, irin wadda masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking ya yi fama da ita. An kuma sami lahani a dainaktin a 2003 cikin wani iyali mai ciwon jijiyoyin motsi. A irin waɗannan babu gardama, lalacewar dakon ita ce asalin ciwon.

Yadda zaren ke mutuwa in kaya suka yanke, shi ne a ganina abu mafi muhimmanci da aka gano a wannan fanni. Tun zamanin Waller ana zaton yunwa ce ke kashe shi sannu a hankali. Sai a 1989 a Jami'ar Oxford aka ci karo da wani irin ɓera wanda in an yanke jijiyarsa, ɓangaren da aka raba yakan yi mako biyu zuwa uku da rai, alhali na sauran ɓeraye kwana ɗaya da rabi ko biyu ya ruguje. Bin diddigin wannan ɓera ya kai ga wani furotin mai suna NMNAT2, wanda ba ya wuce 'yan sa'o'i kafin ya lalace, don haka dole a yi ta aika sabo ba dare ba rana. In ya daina isowa, sai wani furotin da ke kwance cikin zaren, SARM1, ya farka, ya lalata sinadarin NAD da zaren ke rayuwa da shi, cikin sa'o'i zaren ya farfashe. An gano rawar SARM1 a 2012, a 2017 kuma masu bincike a birnin St. Louis na Amurka suka nuna cewa shi da kansa ne ke lalata sinadarin. Ashe zaren yana ɗauke da abin rushe kansa, isowar kaya a kan lokaci ce ke danne shi.

Da wannan a zuciya, wasu cututtukan da muke gani kullum sai su ƙara fitowa fili. A ciwon hawan jinin ido, wato gilakoma, zarurruka sama da miliyan ɗaya ne ke fita daga kowane ido ta wani wuri mai ƙananan huji a bayansa. Gwaje-gwajen da aka yi da birai a shekarun 1970 sun nuna cewa in matsin cikin ido ya hau, kaya suna taruwa daidai wannan mashigi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya sami gilakoma a wajen mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40, ita ce kuma ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Zaren da ya mutu a nan ba ya sake tsirowa, shi ya sa auna matsin ido tun ana gani ya fi komai. A ciwon suga dalilan suna da yawa, akwai lalacewar ƙananan hanyoyin jini da illar sukarin kansa, amma tsarin farawa daga yatsun ƙafa, ya hau zuwa gwiwa, sannan ya taɓa yatsun hannu, tsarin tsawo ne.

Inda ya kamata a taka a hankali shi ne manyan cututtukan tsufa. A cutar mantuwa ta Alzheimer, furotin ɗin tau, wanda wurin zamansa jikin bututun nan ne, yana barinsu ya dunƙule, kuma ana ganin zarurruka sun kumbura, cike da jakunkunan da suka maƙale. A cutar Huntington, wata cutar gado mai lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wata tawagar Faransa ta nuna a 2004 cewa furotin ɗin da ke lalacewa a cutar yana da hannu a jigilar wani sinadarin da ke raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A cutar makyarkyata ta Parkinson, biyu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke kawo ta aikinsu ya shafi tsayar da lalatattun maitokondiriya don a narkar da su. Ganin haka wasu suka yi saurin cewa toshewar hanya ce uwar duka. Ban yarda an kai nan ba. Ƙwayar da ke mutuwa saboda kowane dalili dakonta zai tsaya, don haka ganin kaya sun taru bai nuna wane ne ya fara ba. A ɓerayen da aka sa wa ƙwayar gadon ALS mai suna SOD1, an ga jigila ta ragu tun kafin alamu, a 1999. Amma a 2012 masu bincike a birnin Munich na Jamus suka kwatanta ire-iren waɗannan ɓeraye, suka sami waɗanda zarurrukansu suka mutu ba tare da jigilar ta fara raguwa ba, da waɗanda jigilar ta ragu zaren kuma ya daɗe da rai. Magani mai suna davunetide, wanda aka yi fatan zai ƙarfafa bututun, an gwada shi a kan ɗaruruwan masu wata cutar tau da ake kira PSP, bai amfane su ba.

Wurin da na fi sa ran wannan ilimi zai fara taimaka wa majiyyaci shi ne sashen masu ciwon daji. Magunguna irin su binkiristin da fakilitaksel suna hana ƙwayoyin daji rabuwa ta hanyar kai wa bututun nan hari, kuma bututun da daji ke rabuwa da su irinsu ne 'yan dakon jijiya ke takawa. Sai majiyyaci ya fara jin yatsun ƙafa da na hannu sun mutu, ya kasa ɓalla maɓallin riga, wani lokaci dole likita ya rage maganin da ke ceton ransa. Binkiristin na cikin magungunan da ake ba yara masu dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi, wanda ya fi yawa a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. A 2016 an nuna cewa ɓerayen da aka cire wa SARM1 sun tsira daga wannan illa ta binkiristin, kuma kamfanonin magani suna aiki a kan sinadaran da za su danne shi a jikin mutum. Abin da ya sa wannan fage ya fi na Alzheimer sauƙi shi ne lokaci. Mai cutar mantuwa ba ya zuwa asibiti sai ɓarna ta yi shekaru tana gudana. Mai karɓar maganin daji kuwa likita ya san ranar da za a ɗaura masa ruwan farko, yana iya ba shi kariyar tun kafin jijiyar ta taɓu, ya kuma auna cikin 'yan watanni ko ta yi aiki.